Kyanwa ta mayar da murfin akwatin 'ya'yan kunkuru wurin kwana, yaya za a yi?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan dabbobi. Akwai 'ya'yan kunkuru biyu a gidanmu a Kano, irin manyan nan masu ƙaya a cinya, amma su ƙanana ne, kowanne bai cika tafin hannu ba. Suna cikin akwatin gilashi mai tsawon ƙafa 3, faɗi ƙafa ɗaya da rabi, a kan tebur a falo. Murfinsa ragar sauro ce ta taga da aka buga a siririn katako, sai kwan fitila mai wat 100 da muke ɗorawa a kai saboda ɗumi.

Tun da hunturu ya shigo kyanwar gidan ta gano wurin. Da dare a kan murfin take kwana, har ragar ta lotsa a tsakiya. Da rana kuma sai ta zauna ta zuba musu ido, tana taɓa gilashin da dagi. Ɗaya ya rage cin abinci kwana huɗu ke nan, jiya da safe kuma mun tarar da ɗayan a kife, ƙafafu a sama. Fitar da kyanwar ba zai yiwu ba, ta surukata ce, kuma ita ce maganin ɓerayen gidan. An ce in zuba kafur ko in fesa man lemo a gefen teburin. Wannan zai yi? In ba zai yi ba, me ya kamata?

Ɗan Sahel:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, yau ɗin nan a ɗauke akwatin a kai shi ɗakin da ake iya rufewa, ko da sito ne, muddin iska na shiga. Sauran gyara ya biyo baya. Babbar kyanwa tana kai kilo 3 da rabi zuwa 5, kuma ba a hankali take hawa ba, dira take yi. Ragar sauro ba a yi ta don ɗaukar nauyi ba. Wadda ta fara lotsawa saura kaɗan ta yage daga bakin ƙusa, ranar da ta yage kuwa kyanwa da fitila da murfi duk a kan 'ya'yan kunkurun za su faɗa.

Abu uku ne suke jan ta wurin, kuma sai an san su za a san abin da za a toshe. Akwai ɗumi, don kyanwa ta fi mu son zafi, jikinta ma yana tsakanin digiri 38 da 39. Akwai tudu, don tana son ta hango ɗaki daga sama. Akwai kuma motsi: ƙaramin abu mai tafiya a hankali yana tsayawa, shi ne daidai abin da yake tayar mata da farauta, ko ta ƙoshi. Hali zanen dutse ne, horo ba ya cire shi. Duka da watsa ruwa abin da suke koya mata kawai shi ne ta bari sai kin ba da baya. Farautarta ta fi ƙarfi da asuba da bayan magariba, lokacin da hankalin mutanen gida yake wani wuri. Saboda haka dogaron a kan ƙofa da murfi yake.

Ƙofar a sa mata sifirin mai mayar da ita da kanta, don yara ne suke barin ta a buɗe. Idan hannun ƙofar irin na dannawa ƙasa ne, a ƙara sakata daga sama, akwai kyanwar da ta iya rataya a jikinsa ta buɗe. A duba taga da silin da kafar da aka fasa ta wayar janareta ko bututun na'urar sanyaya ɗaki. Duk inda kan kyanwa ya wuce, jikinta zai bi.

Game da wanda aka tarar a kife, ba lallai kyanwa ce ta kifar da shi ba, tunda murfin bai buɗe ba. Kunkuru bai san gilashi ba. Yana ganin waje ta cikinsa, sai ya yi ta turawa yana hawa kusurwa har ya wuntsila, in kuma akwai abin da yake tsoro a kansa sai ƙoƙarin guduwar ya ƙaru. A manna takarda mai kauri ko kwali ta waje, a rufe gefe uku gaba ɗaya, gefen gaba kuma a rufe santimita 15 daga ƙasa. Kada a raina kifewar nan. Huhun kunkuru a sama yake, dab da ƙoƙon bayansa, in ya kife kayan ciki sukan danne shi, idan kuma a ƙarƙashin fitila abin ya faru zafi zai iya kashe shi kafin a waiwaya.

Rashin cin abincin ma a bincika ta hanya biyu. Tsoro yana hana su ci, sanyi ma haka. A sayi ma'aunin zafi na dijital a auna a daidai tsayin bayansu: ƙarƙashin fitila ya zama digiri 35 zuwa 38, ɗaya gefen 26 zuwa 28, da dare kada ya sauka ƙasa da 24 ga masu wannan ƙanƙantar. Daren hunturu a Kano yakan sauka nesa da haka. A ajiye maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. Rabin tukunyar ƙasa da aka kifa ta isa. A riƙa jiƙa su a ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai wuce haɓarsu ba, minti 15 kowace safiya, domin iskar hunturu tana busar da su da sauri. Idan an yi duk wannan aka ƙara kwana uku bai ci ba, ko ido ya kumbura, ko hanci yana kumfa, sai likita.

Kafur da man lemo kuwa a bar su gaba ɗaya, masu ilimin magunguna za su ƙara bayani.

Kafintan Unguwa:

Hajiya, ga yadda za ki faɗa wa kafinta, don in kika ce masa murfi kawai zai sake buga miki irin na da.

Firam ɗin a yi shi da katako mai inci 2 da 2, ya zauna a kan bakin akwatin, sannan a buga masa leɓe na falanki da zai sauko inci ɗaya ta waje ya rungume gilashin ko'ina. Leɓen nan shi yake hana kyanwa tura murfin gefe, wanda shi ne abin da ta fi yi in ta kasa fasa shi. A sa sanda a gicciye duk bayan ƙafa ɗaya, wato sanda biyu a akwati mai ƙafa 3.

Ragar ita ce magana. A nemi ragar ƙarfe da aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai ido murabba'i na rabin inci, wadda ba ta tsatsa. Wayar kaji mai ido kamar saƙar zuma ba ta yi ba: tana miƙewa idan an taka, idonta ya buɗe, dagi ya shiga, ɓera ma yana bi. Kada a buga ragar da 'yan ƙananan ƙusoshi a lanƙwasa kansu, su ne suke zamewa. A ɗaure ta da sukuru da washa, duk bayan inci 4, ko a matse bakinta tsakanin katako biyu. Bakin wayar da aka yanka a goge shi ko a ɓoye shi cikin katako, yana yankan hannun yara da ƙafar kyanwar.

Murfin ya samu hinji biyu a baya in akwatin yana da firam, da sakata biyu a gaba. In gilashi ne zalla ba wurin ɗaure sukuru, a zagaye akwatin da murfin da bel mai maƙalli guda biyu, irin na ɗaure kaya. Ɗora bulo ko dutse a kai ba kulle ba ne, kuma in ya zame gilashin yake fasawa.

Kafin a biya kuɗin aiki a gwada: a ajiye murfin a kan bulo biyu a ƙasa, a cika jarka mai lita 10 da ruwa, kilo 10 ke nan, a ɗora a tsakiya. In ragar ta lotsa fiye da kaurin yatsa, a ƙara sanda. Tsakanin raga da bayan kunkurun kada ya gaza ƙafa ɗaya.

Yanzu fitila, wadda a ganina ta fi kyanwar haɗari a yadda take a halin yanzu. Kwan wat 100 da aka ɗora kawai ba a ɗaure ba, dagi ɗaya zai ture shi, in ya faɗa kan kafet ko labule ko busasshiyar ciyawa, gobara ce. A canja holdar zuwa ta tangaran, ta roba tana narkewa. A rataye ta da sarƙa, ba da wayarta ba, ko dai daga sandar murfin ta ciki ko daga ƙarfen da aka kafa a bango. In a waje take, a yi mata hula ta ragar nan mai rabin inci, a ɗaure hular a murfi da sukuru, a bar inci 3 tsakanin kwan da raga. Wayar a zura ta cikin bututun roba na masu wayarin, a manne shi a bango, don waya mai lilo abin wasa ce a wurin kyanwa. A tuna kuma in an ɗauke wuta a kashe soket, kada a dawo da ita tsakar dare wani ya riga ya lulluɓe akwatin da bargo.

Murfi mai ƙarfi zai hana ta faɗawa ciki, amma ba zai hana ta kwanciya a kai ba. Maganin wannan shi ne a hana ta wurin zama. A yi wa saman rufi mai gangara biyu kamar na jinka, da ragar nan, gangarar ta kai digiri 45. Teburin ma kada ya fi akwatin faɗi da yawa, ragowar bakin nan shi ne matakalarta, kuma a janye kujera da kabad daga kusa. Ɗaga akwatin sama kawai ba ya magani, kyanwa mai lafiya tana tsallen mita ɗaya da rabi daga ƙasa ba tare da ta yi gudu ba. In teburin siriri ne a ɗaure shi a bango da ƙarfe mai kusurwa.

Masu ajiye damo ko ƙadangaren waje a akwati mai ƙofar gilashi ta turawa gefe, su ma su kula: kyanwa tana tura irin wannan da dagi. Makullin da masu sayar da waya da gwal suke sa wa gilashin kantinsu, mai haƙora, shi ake sawa.

Malamar Dabbobi:

'Yar'uwa, maganar kafur nake so ta zauna da kyau, don gida da yawa ana yi. Kafur guba ne ga kyanwa, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, tururinsa kuma yana taruwa cikin akwati ya ƙona hanyar numfashin kunkuru. Ga shi fari dunƙulalle, yaro zai ɗauka alewa ce. Mayukan ƙamshi masu ƙarfi, na lemo da na turare da na na'ana'a da ire-irensu, hantar kyanwa ba ta da sinadarin da zai narkar da su kamar tamu, in ta taka ta lashe ƙafa sai su taru a jikinta. Haka magungunan wanke ƙasa masu mayar da ruwa fari kamar madara, kada a goge akwatin ko teburin da su. Ruwan zafi da sabulun wanke kwano, a ɗauraye sosai, sun isa. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa da turaren wuta ma a nisanta su da ɗakin.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne abin yi idan haƙori ko farce ya taɓa su. Fiƙar kyanwa siririya ce kamar allura, ramin da take bari ƙarami ne, yakan rufe nan da nan ya kulle ƙwayoyin cuta a ciki. Bakin yawancin kyanwoyi yana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira Pasteurella multocida, tana iya shiga jini ta kashe ƙaramar dabba cikin kwana ɗaya zuwa uku, alhali a ido ba a ga ciwon kirki ba. Ƙoƙon ɗan kunkuru bai gama tauri ba, danna shi da yatsa ma yana ɗan motsi, kuma ba ɓawo ne matacce ba, ƙashi ne mai jini da jijiya, huhu na ƙarƙashinsa. Don haka duk wanda aka gani a bakin kyanwa ko tsakanin dagoginta, a ɗauka an cije shi.

A duba shi a haske: wuya, hammata, gindin cinya, wutsiya, da ƙasan ciki. A tafasa ruwa lita 1 da gishiri giram 9, ƙaramin cokali ɗaya da rabi ke nan, a bari ya huce, a wanke wurin da sirinji marar allura. Sai a bi da ruwan aidin irin na wanke ciwo, a sirka shi har ya koma kalar shayi marar kauri. A ajiye shi shi kaɗai a kwali mai tsabta, a shimfiɗa farar takarda maimakon ƙasa, a ɗumi na digiri 28 zuwa 30, a rufe da ragar sauro don ƙuda na yin ƙwai a ciwo ya zama tsutsa. A kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, ba gobe ba, domin allurar kashe ƙwayoyin cuta yake bukata kuma da nauyinsa ake auna ta, giram-giram. In ƙoƙon ya tsage kada a liƙe da gam a gida, kulle cutar za a yi a ciki. Kada kuma a jira ƙurji ya fashe da kansa: mugunyar dabbobi masu jan ciki daskararriya ce kamar cuku, ba ta gudana, sai an tsaga an ciro. Idan likitan kusa bai saba da su ba, jami'o'in Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi.

Magani biyu a riƙe sunansu. Ivermectin, wanda ake yi wa awaki da karnuka na tsutsa da kaska, yana shanye jikin kunkuru ya kashe shi, kada a yarda kowa ya yi masa. Permethrin kuma, wanda yake cikin wasu magungunan kaskar kare da na ƙwarin jikin macizai, kyanwa yake kashewa, da rawar jiki da farfaɗiya. In fitilar ta ƙona kyanwar, a zuba ruwa mai sanyi a wurin minti 10 a kai ta asibiti. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya zama ajalinta.

Cutar ba hanya ɗaya take bi ba. Kunkuru da damo da ƙadangare suna ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Salmonella a kashinsu ko suna da lafiya. Kyanwar da ta sha ruwan kwanonsu ko ta taka ƙasarsu za ta kai ta kan gado da kicin. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa su, kada a wanke kwanonsu inda ake wanke na abinci, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma a hana su ɗauka.

Ɗan Sahel:

Ƙari kan abin da Malam kafinta ya tsara, wanda na yarda da shi in dai a ɗaki za su zauna. Amma gaskiya akwatin gilashi na ɗan lokaci ne. Wannan kunkurun ɗan ƙasar nan ne, daga Senegal har Sudan da Habasha yake rayuwa a bakin Sahara, shi ne na uku a girma cikin ire-iren kunkurun tudu a duniya, babba yana iya wuce kilo 50. Yana bukatar rana ta gaske don ƙashinsa ya yi ƙwari, gilashi kuwa yana tare hasken da yake sa jiki ya sarrafa sinadarin ƙashi, kwan fitila na gida ma ba ya bayar da shi. Kada kuma a fitar da akwatin gilashin rana, tanda yake zama cikin 'yan mintuna.

A gina musu wuri a tsakar gida: bulo jeri biyu, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 4, murfin raga irin wanda aka bayyana, da hinji da kwado. A shimfiɗa raga a ƙasa kafin a zuba ƙasar, don su masu haƙa ne, gafiya kuma ta ƙasa take shigowa. Rabin wurin ya zama inuwa. Murfin nan ba don kyanwar gida kaɗai ba, akwai muzurun maƙwabta da shirwa da hankaka. Akwai kuma dalilin da ake mantawa: yashi mai laushi a buɗe masai ne a wurin kyanwa, kunkuru kuwa yana cin kashin dabbobi, ya kwashi tsutsa ko ragowar maganin da aka ba ta. Su wuni a can in rana ta ɗaga, a shigo da su kafin magariba har hunturu ya wuce. In suka kai tsawon santimita 25 kyanwa ta daina zama barazana, amma kare bai daina ba, yana gwaguyar ƙoƙon kamar ƙashi. Abincin kyanwa ma a ɗauke daga inda za su kai, naman da ke ciki yana lalata musu ƙoda.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An kai su ɗakin baƙi an rufe, na kuma auna, ƙarƙashin fitila 31 ne kawai, ashe har da sanyi. Saura abu ɗaya: tun ɗazu kyanwar take kuka a bakin ƙofar tana yaƙushinta. Na ji ana maganar salatif da takardar alminiyam, suna aiki?

Malamar Dabbobi:

Suna aiki na ɗan lokaci. Salatif mai manne gefe biyu ya fi takardar alminiyam, don da yawa sukan saba da ƙarar takardar cikin mako. A manna shi a kan kwali, a ajiye kwalin a bakin ƙofar, a sabunta duk kwana uku saboda ƙurar hunturu tana kashe dankonsa. Kada a buɗe mata ko a ba ta abinci lokacin da take kukan, in aka yi sau ɗaya ta koyi cewa kuka yana buɗe ƙofa. Kada kuma a ɗaure ta ko a kulle ta da yunwa, haƙƙinta yana wuyanmu.

Ɗumin da aka raba ta da shi take nema, a mayar mata da shi a wani wurin. Kwali mai ƙaramar ƙofa da tsohon bargo, a ɗora a kan kabad ko kanta mai tsayi nesa da ɗakin, a sa gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul kafin a kwanta. Bayan magariba yara su ja mata igiya mai gashin kaza a baki minti 10 zuwa 15, su bari ta kama a ƙarshe, sannan a ba ta abincin dare, a cire igiyar a ɓoye don haɗiye zare yana naɗe hanji. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu kukan yake raguwa.

Zafin 31 kuma kada a gyara shi da sayen kwan da ya fi ƙarfi. A sauko da fitilar inci biyu, a jira awa ɗaya, a sake aunawa, a yi ta haka har ya kai 35, amma kada tazarar kwan da bayansu ta gaza inci 10.